Farar Riga ko Tabarmar Zaure: Nasiha ga Ɗaliban Tebaram da Adar



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da ɗiyar ƙanwata ta kawo mini a hutun damina. Yarinyar ta ci bakaloriya ta D a Tawa, ta wuce Yamai ta yi shekara uku tana koyon aikin kula da zamantakewar jama'a, wanda mu ma'aikatan asibiti muke kira sosiyal a taƙaice. Bayan sallar isha'i ta same ni a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce: "Kawu, hanya ta rabu mini biyu. Ko in ƙara shekara biyu in yi mastar a wannan fanni, ko in ajiye komai in koma aji ɗaya na likitanci. Tun ina ƙarama nake so a ce mini dokta, kuma Inna ma abin da take so ke nan. Me ka gani?"

Ban ba ta amsa a daren ba, don maganar ta fi ƙarfin hira ɗaya. Na kuma san akwai irinta da yawa a cikinku, waɗansu suna ajin ƙarshe na lise, waɗansu sun riga sun riƙe lisans. Ni ba likita ba ne, ban kuma yi aikin sosiyal ba. Majo ne ni, na shafe shekaru ina riƙe da ƙaramin asibitin ƙauye a arewacin Adar, inda na zauna tsakanin waɗannan ma'aikata biyu, na ga abin da kowannensu yake iyawa da inda hannunsa yake tsayawa. Bari in fara da abubuwa biyu da idona ya gani.

Wani dare cikin watan Agusta, ruwa ya ɗauke ke nan, aka kawo mana wata mace a amalanken shanu, an shimfiɗa mata tabarma an lulluɓe ta da zane. Kwana biyu tana naƙuda. Ungozomarmu ta duba ta da fitilar hannu, ta ɗago kai ta dube ni ba ta ce komai ba. Ɗan ya kwanta a gicciye, hannunsa ne ya fara fitowa. Ba mu da ɗakin fiɗa, ba mu da jinin ƙari. Muka sa mata ruwa a jijiya, muka kira motar asibiti, muka bi hanya koramu suna tare mu, sai dab da asuba muka isa birni. Wani matashin likita da bai fi shekara talatin ba ya fito, idonsa jajir don rashin barci, ya wanke hannu ya shiga da ita. Ɗan bai zo da rai ba, amma uwar ta rayu, kuma daga baya ta sake haihuwa lafiya. A wannan dare da za a tara duk masu daɗin baki na Adar su yi ta rarrashi har gari ya waye, da matar nan ta tafi. Abin da take bukata hannu ne da ya yi shekaru yana koyon inda ake yankawa da inda ake ɗinkewa.

Na biyun wani yaro ne ɗan wata goma sha takwas mai tamowa. Muka auna damtsensa da tsiririn awo, ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115. Aka tura shi babban asibiti, likitoci suka sa masa madara ta hanci, ya farfaɗo, aka sallame shi da ƙullin abincin gyaɗar nan na tamowa. Bayan wata biyu ya dawo kamar ba a taɓa yi masa magani ba. Aka sake, ya sake dawowa. A karo na uku raina ya ɓaci, na ɗaga wa uwar murya a gaban mata, na ce: "Ke wace irin uwa ce?" Ba ta tanka ba. Ta goya ɗanta ta koma gindin bedi ta zauna. Har yau in na tuna wannan kalma sai in nemi gafarar Allah.

Ranar an yi dace wata ma'aikaciyar sosiyal ta zo zagaye. Ta cire takalmi ta zauna kusa da matar a tabarma ɗaya. Ba ta tambaye ta nauyin yaro ba. Ta tambaye ta wa ke riƙe da mabuɗin rumbu a gidansu, tiya nawa ake auna mata, yara nawa ke cin tukunyarta, yaushe rabon da maigida ya aiko. Ashe mijin ya tafi bida Libiya shekara biyu babu labari. Surukinta ne ke auna mata hatsi, kuma ba ya kai ta ƙarshen mako. Abincin gyaɗar da muke ba yaro ɗaya, yara huɗu take raba wa, wani lokaci ta sayar da ƙulli biyu ta sayi gero. Wace uwa ce za ta ciyar da ɗa ɗaya sauran ukun suna kallonta? Ma'aikaciyar nan ta hau babur ta je ƙauyen, ta fara da gaida maigari, ta zauna a zaure da surukin ba tare da ta kunyata shi ba. Ta je sau uku. Aka ƙara wa matar awo, aka sa ta cikin asusun Mata Masu Dubara, irin wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, aka kuma samo mata akuyar habbanaye. Yaron bai sake dawo mana da tamowa ba.

Ku dubi waɗannan labarai biyu da kyau. Mace ta farko likita kaɗai zai iya ceton ta. Yaron kuwa likitoci sun cece shi sau biyu, gida yana mayar da shi bakin kabari, sai da aka samu wadda ta bi shi gidan. Ciwo yana da rassa a jiki, yana da saiwa a gida. Likita yana tambaya: me ya sami jikin nan? Ma'aikacin sosiyal yana tambaya: in an sallame shi, me zai tarar? Duk shawarar da zan ba ku a kan waɗannan tambayoyi biyu ta tsaya. Ku binciki zuciyarku, wacce daga cikinsu ce take hana ku barci?

Manyan likitoci sun daɗe da gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1905, a babban asibitin Masacusets da ke birnin Boston na Amurka, wani likita mai suna Richard Cabot ya lura yana rubuta wa talakawa magani da hutu da abinci mai kyau, alhali ba su da halin ko ɗaya. Sai ya ɗauki ma'aikaciya da kuɗin aljihunsa don ta riƙa bin marasa lafiya tana gano halin da suke ciki a gida. Daga irin wannan ne sashen sosiyal na asibitoci ya yaɗu. A ƙasar Hausa ma mun ga haka a kan yoyon fitsari. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya yi wa dubban mata aiki a asibitin Babbar Ruga ta Katsina, kuma a 2012 aka buɗe cibiyar wannan aiki a Danja kusa da Maraɗi. Amma macen da aka ɗinke, wadda miji ya saka, kishiyoyi suka ƙyamata, ta yi shekaru ba ta shiga taron biki ba, wa zai mayar da ita cikin mutane? Wannan giɓin ne Salamatu Traore ta gani ta kafa ƙungiyar Dimol a Yamai a 1998, inda ake saukar da matan, a koya musu sana'a, a raka su gida.

To, yanzu mu zo ga awo, don son zuciya kaɗai ba ya kai mutum gaci.

Na farko, shekaru. Likitanci ba a shigar masa ta tsakiya. Ko kana da lisans, in dai a wani fanni ne, aji ɗaya za ka koma, kuma sai da bakaloriyar kimiyya, C ko D. Ɗan Adar da ke son wannan karatu zai bar gida ya tafi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko Jami'ar Dan Dikko Dankulodo ta Maraɗi, ko Jami'ar Andre Salifu ta Damagaram. Zai yi shekara bakwai zuwa takwas, in bai maimaita aji ba. Shekarun farko hadda ce zalla: ƙasusuwa, jijiyoyi, ƙwayoyin cuta, magunguna. Daga nan sai kwanan gadi a asibiti, irin babban asibitin ƙasa na Yamai ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi, sai kundin bincike da rantsuwa. Mai son ƙwarewa a fiɗa ko ciwon yara ko haihuwa zai ƙara huɗu ko biyar. Mastar kuwa shekara biyu ce bayan lisans. Makarantar lafiya ta ƙasa mai sunan Damure Zika a Yamai tana horar da ma'aikatan sosiyal, ana koyar da ilimin zamantakewa a jami'a, kuma a Dakar akwai makarantar ENTSS da aka keɓe wa wannan aiki. Saboda haka wanda yake da shekara 23 yau, in ya bi mastar zai iya fara aiki yana da 25, in ya koma likitanci sai ya ba talatin baya. Sharuɗɗan shiga suna sauyawa, don haka ku je da ƙafarku ofishin rajista ku ji na bana. Zuwa da kai ya fi aike.

Na biyu, wa zai ɗauki nauyi? Mu ƴan Adar mun san da me ake karatu a gidajenmu: da tunkiyar inna, da buhun wake, da kuɗin da yaya ya aiko daga Abijan ko Libiya. Tallafin karatu na hukumar ANAB yana taimakawa ga wanda ya samu, amma ba shi zai biya haya da littattafai da kuɗin mota na shekara takwas ba. Ku zauna da iyayenku ku yi lissafi a fili, da alƙalami. Ƙanne nawa ke bayanka? Wa zai jira? In gida zai iya jurewa, to alhamdu lillahi, tsawon shekaru kada ya tsorata ku, kowa ya ci zomo ya ci gudu. In kuwa karatunka zai sa a cire ƙanwarka daga makaranta, ka sa wannan a ma'auni, don ita ma rai ce.

Na uku, aikin yi. A nan zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta da daɗi. Likita a Nijar ba ya rasa mai neman sa. Ma'aunin da aka saba ambata shi ne likita ɗaya ga mutum 10,000, ƙasarmu kuwa ko rabin haka ba ta kai ba, kuma kaso mai yawa na likitocin suna Yamai. Jihar Tawa kaɗai ta haura mutum miliyan 3.3 a ƙidayar 2012, yau ta fi haka nesa. Ku je babban asibitin jiha ko cibiyar uwa da yaro ta Tawa, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ku ga layi. Ma'aikacin sosiyal kuwa bukatarsa tana da yawa, amma kujerunsa kaɗan ne. Da yawansu a ƙungiyoyi masu zaman kansu suke aiki, da kwantaragi na shekara ɗaya ko biyu, in furoje ya ƙare sai a koma nema. Ga kuma rashin sanin darajar aikin: a ƙauye kowa ya san dokta, amma sai ka yi ta bayani kafin a gane me kake yi. Wanda zai shiga wannan fanni ya shiga da idonsa biyu, ya ƙara wa kansa makami: dokar kare yara da mata, rubuta rahoto, lissafin kasafi, da harsuna. A yankinmu mai jin Hausa da Tamashek da Fulatanci ya fi mai takarda uku da ba ya iya gaida tsohuwa da harshenta.

Na huɗu, halinka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Likita yana yanke shawara cikin minti biyar, jini yana zuba, dangi suna kuka a ƙofa, kuma in ya yi kuskure rai ne. Dole ya iya tsayuwa a kan ƙafa tun dare har safe, ya iya gaya wa uba cewa ɗansa ya cika, sa'an nan ya wanke fuska ya kira na gaba. Ma'aikacin sosiyal nasa nauyin daban ne. Ba shi da allura, ba shi da wuƙa. Jarinsa kunne da haƙuri da riƙon asiri. Zai zauna da mahaifin da ya yi niyyar aurar da ƴar shekara goma sha uku, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ake aurar da su kafin shekara 18, ya yi magana da shi ba zagi ba raini, ya koma gobe, ya koma jibi, wataƙila ya yi nasara, wataƙila a ɗaura auren yana ji yana gani. Ba ya ganin sakamakon aikinsa da wuri, kuma ba safai ake dawowa a yi masa godiya ba. Bayan harin 21 ga Maris 2021 a yankin Tiliya, inda aka kashe mutum 137 a Intazayan da Bakorat da Wistan, likitoci sun ɗinke raunuka cikin kwanaki. Marayu da zawarawa da yaran da suka daina magana saboda abin da suka gani, nasu aikin na shekaru ne, kuma irin wannan aiki yana jiran ƴaƴan yankin da suka san mutanen.

Akwai ramuka biyu da nake so ku kauce musu. Na farko shi ne shiga likitanci don suna. Na ga waɗanda iyaye suka tura, ko farar riga ta ja su, suka kai aji uku suka gane ba za su iya da warin ciwo da kukan dare ba. Waɗansu suka bari bayan an sayar da gona, waɗansu suka daure suka gama, suka zama likitocin da ba sa ɗaga kai su dubi fuskar mara lafiya. Na biyu shi ne ɗaukar aikin sosiyal a matsayin mafakar wanda likitanci ya ƙi. Wanda ya shigo da wannan zuciya zai riƙa jin kansa ƙasa da likita har ya yi ritaya, kuma talakan da ya zo gabansa shi zai sha haushin. Matar nan da ta zauna a tabarma da uwar yaron ba ta ga kanta ƙasa da kowa ba. Ta san abin da ta sani, mu kuma ba mu san shi ba.

Ku ƴan mata, ina da kalma ta musamman gare ku. Za a ce muku shekara takwas ta yi yawa ga ɗiya mace. Ku sani akwai matan da ke ɓoye ciwonsu har ya ci ƙarfinsu saboda kunyar likita namiji, kuma akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba ko da shi ne ma'aikacin sosiyal mafi kirki. Ciwon ɗiya mace na ɗiya mace ne. Duk hanyar da kuka zaɓa, a yi maganar karatu a fili kafin a ɗaura aure, a gaban waliyyai, kada a bar ta sai an tare. Ku kuma iyaye, ku yi wa Allah ku bar yaro ya bi abin da zai iya. Albarkarku yake bukata fiye da zaɓinku.

Kada kuma ku ɗauka wanda ya shiga ƙofa ɗaya an kulle masa ɗayar har abada. Cicely Saunders ta Ingila ta fara da aikin jinya, ta koma ma'aikaciyar sosiyal a asibiti, ta ga yadda masu ciwon ajali ke mutuwa cikin azaba, sai ta koma ta karanta likitanci, ta gama a 1957 tana dab da shekara arba'in. A 1967 ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan, wanda duniya ta yi koyi da shi. Abin lura shi ne ba suna ya mayar da ita aji ba. Aikin da take yi ne ya nuna mata abin da ya rage mata. Taura biyu ba ta taunuwa lokaci ɗaya, amma mai tsawon rai yana iya cin ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da nake so kowannenku ya yi kafin ya cika takarda. Gani ya kori ji. Ka nemi izini ka yi mako guda kana bin likita, har da kwanan gadi, ka ga haihuwa, ka ga mutuwa, ka ga ƙarfe uku na dare. Sa'an nan ka yi wani makon a ofishin sosiyal, ka ga mai jinyar da ba ta da kuɗin komawa gida. Tun 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma kuɗin mota daga Tebaram da abincin mai jinya da wanda zai kula da yaran da aka bari a gida, waɗannan suna nan a wuyan talaka. Kowace yamma ka rubuta abin da ya tsaya maka a rai. Bayan mako biyu ka karanta, za ka ga inda zuciyarka take komawa. Daga nan ka yi shawara da manya, ka yi istihara, ka ɗaura niyya, kada ka sake waiwaye.

Ɗiyar ƙanwata ta dawo bayan kwana uku don jin amsa. Na ce mata: "Ɗiyata, ba ni labarin watannin da kika yi kina koyon aiki a asibiti." Ta yi ta zuba har aka kira magariba. Ta ba ni labarin tsohon da ƴaƴansa suka kawo suka gudu, da yarinyar da ta haihu ba ta da wanda zai karɓe ta, da yadda ta yi ta bin wani kawu da waya har ya zo, da sauransu. Da ta gama na ce: "Kin ba ni labari bakwai. Kin faɗa mini sunan ƙauyen kowa da wanda ke ciyar da shi, amma ko sau ɗaya ba ki faɗa mini sunan ciwon da ya kawo su ba. Ni abin da na ji ke nan. Sauran tsakaninki ne da Ubangijinki." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce za ta je ta yi makon gadin tukuna, don kada wata rana ta ce ba ta gwada ba. Na ce ta yi daidai, na kuma yi mata alkawarin ni zan yi wa Innarta magana.

Ƴaƴana, ko wacce kuka ɗauka, ina roƙon ku abu ɗaya: ku dawo. Har yanzu ana ɗora mata a amalanke cikin dare, har yanzu akwai iyaye mata a gindin bedi da ba a tambaye su wa ke riƙe da mabuɗin rumbu ba. Allah ya yi muku zaɓin alheri, ya sa iliminku ya amfani iyayenku da ƙasarku, ya ba mu lafiya da zaman lafiya a Adar da Nijar baki ɗaya. Amin.